NAZARI: Ciwon jijiyar fuska da ke shigar burtu da sunan ciwon haƙori, da aikin da ke gaban Adamawa

Ranar 7 ga Oktoba ta kowace shekara ce masu fafutuka a ƙasashe da dama suka keɓe domin wayar da kai game da ciwon jijiyar fuska, wanda likitoci ke kira trigeminal neuralgia. A Najeriya ranar takan zo ta wuce ba tare da an ji ɗuriyarta sosai ba. Sai dai makonni kaɗan bayanta ne iskar hunturu ke sauka a kwarin Binuwai, kuma ga mai wannan ciwo, sanyin asuba da iskar da ke kaɗa fuska a cikin Keke NAPEP daga Yola zuwa Jimeta sun isa su tayar da zogin da littattafan likitanci ke sanyawa cikin mafi tsanani da ɗan'adam ke ɗanɗana.

Ciwon ba ya yaɗuwa, kuma shi kansa ba ya kisa, shi ya sa ba a jin sunansa a jerin cututtukan da gwamnatoci ke ware wa kuɗi na musamman. Amma yana hana cin abinci, yana hana magana, yana hana wanke fuska, sannan yana sa a cire wa mutane haƙora masu lafiya. Abin lura a nan shi ne gano shi ya fi dogara ga tambayoyin da za a yi wa majiyyaci, kuma maganinsa na farko ya haura shekara 60 a hannun likitoci. Saboda haka babban giɓin da ke tsakanin mazaunin mazaɓar Mbamoi a Yola ta Kudu da samun sauƙi shi ne hanyar da yake bi kafin ya haɗu da wanda zai kira ciwon da sunansa.

Mece ce wannan jijiya?

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'anoni da yawa. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Wannan ta ƙarshe ake nufi a nan.

Jijiyoyin saƙo guda 12 ne ke fitowa kai-tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare na kai. Ta biyar a cikinsu ita ce ke ɗaukar duk abin da fuska ta ji, zafi ko sanyi ko taɓi, ta kai wa ƙwaƙwalwa. Tana da rassa uku: na sama yana kula da goshi da ido, na tsakiya yana kula da kunci da gefen hanci da leɓen sama da haƙoran sama, na ƙasa kuma yana kula da muƙamuƙi da haɓa da leɓen ƙasa da haƙoran ƙasa.

Ciwon ya fi kama reshen tsakiya da na ƙasa, wato daidai rassan da ke shiga haƙora. Daga nan ruɗanin ke farawa. Majiyyaci zai nuna haƙori da yatsa ya rantse cewa daga nan zogin ke tashi, kuma ba ƙarya yake yi ba, domin nan ɗin ƙwaƙwalwarsa ke shaida masa. Amma tushen matsalar yana can cikin ƙoƙon kai, nesa da baki.

Masu ciwon sukan kwatanta shi da jan wutar lantarki, ko sukar wuƙa, ko walƙiya. Yakan zo farat ɗaya a ɓari guda na fuska, galibi ɓarin dama, ya ɗauki ƙasa da daƙiƙa ɗaya zuwa minti 2, sannan ya ɗauke. Yana iya dawowa sau da yawa a yini. Abubuwan da ke tayar da shi ƙanana ne: tauna, magana, murmushi, aski, asuwaki, goge baki da burushi, shafa mai, ko kurkure baki da wanke fuska yayin alwala. Yakan kuma ɓace na watanni, har ma shekaru, sannan ya dawo.

Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma mata sun fi maza. Binciken da aka yi a Amurka da Turai ya nuna sababbin masu kamuwa kusan 4 zuwa 13 a cikin kowane mutum 100,000 a shekara, wasu binciken ma sun samu fiye da haka. Ƙidayar 2006 ta ba Adamawa mutum 3,178,950, hasashen baya-bayan nan kuma ya kusa miliyan 5. Ko da an yi la'akari da cewa matasa sun fi yawa a jihar, wanda hakan zai rage adadin, lissafin ya nuna ana maganar mutane masu yawa ne a kowace shekara, ban da waɗanda suka daɗe suna fama.

Abin da ke haddasa shi

Kowace jijiyar saƙo tana da wata riga da ke lulluɓe ta, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Idan robar ta zaizaye, wayoyi sukan haɗu su yi tartsatsi. Haka abin yake a nan. A mafi yawan masu ciwon, wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kan jijiyar fuskar a daidai inda take shiga tushen ƙwaƙwalwa. Bugun jini na shekara da shekaru yana cinye rigar, har taɓi mai sauƙi ya riƙa isa ƙwaƙwalwa a matsayin azaba.

Akwai rukuni na biyu, kimanin kashi 15 cikin 100, inda wata cuta ce ta daban ke jawo ciwon. Daga ciki akwai ƙari da ke tsirowa a cikin kai ya danne jijiyar, da kuma cutar da garkuwar jiki ke afka wa rigar jijiyoyi, wadda likitoci ke kira multiple sclerosis. Rukuni na uku shi ne waɗanda duk binciken da aka yi ba a ga musabbabi ba.

Ciwon tsoho ne a tarihin likitanci. A 1756 likitan Faransa Nicolas André ya ba shi sunan da ke nufin fizgar fuska mai zafi, domin yadda masu ciwon ke yamutse fuska idan ya taso. A 1773 John Fothergill na Ingila ya yi cikakken bayaninsa. A shekarun 1930 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka Walter Dandy ya lura da jijiyar jinin da ke danne jijiyar fuskar. Masu kallon finafinan Indiya kuwa za su iya tuna cewa jarumi Salman Khan ya fito fili ya ce yana fama da wannan ciwo, har ya je Amurka a 2011 aka yi masa aiki.

Inda ake ɓatan hanya

Ga mafi yawan mazauna unguwannin Yola da Jimeta, kamar sauran biranen Arewa, matakin farko na neman lafiya shi ne kyamis ɗin bakin layi. Mai kyamis zai ji an ce haƙori, sai ya haɗa farasitamol da diclofenac da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Waɗannan suna aiki a kan kumburi da ruɓewar haƙori, amma ba sa kashe tartsatsin jijiya. Idan aka yi rashin sa'a ciwon ya shiga lokacin hutunsa a daidai wannan mako, sai a ɗauka maganin ne ya yi aiki, a sake komawa gare shi idan ya dawo. Shan irin su diclofenac na tsawon watanni kuwa yana iya jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda, musamman ga dattawa masu hawan jini.

Mataki na biyu shi ne cire haƙori. Rahotannin likitocin haƙori daga ƙasashe da dama sun nuna cewa kaso mai yawa na masu wannan ciwo sukan rasa haƙori ɗaya ko fiye kafin a gano ainihin matsalarsu. Allurar kashe zafi da ake yi kafin cirewa tana kwantar da jijiyar na ɗan lokaci, sai majiyyaci ya koma gida da murna. Bayan kwanaki zogin ya dawo, a ce ai na kusa da shi ne mai laifin. An bar jaki ana dukan taiki. Haɗarin ya fi girma a hannun masu cire haƙori na kasuwa da ba su da horo, waɗanda ba sa ɗaukar hoton haƙori, kuma kuɗinsu yana cikin cirewar ne.

Mataki na uku ya fi ban tsoro. Wanda azaba ta ishe shi zai karɓi duk abin da aka miƙo masa, ciki har da tramadol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki sun sha irin su tramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Irin waɗannan ƙwayoyi ba su cika yin tasiri a kan wannan ciwo ba. Abin da sukan bari shi ne jaraba a kan ciwon da bai tafi ba.

Akwai kuma fassarar da al'umma ke yi wa ciwon. Zogin da ke faɗo wa mutum kamar mari, ba kumburi, ba rauni, ba zazzaɓi, ya ɗauke cikin ƙiftawar ido, ya dace da abin da mutane da yawa ke dangantawa da iska ko jifa ko sammu. Wasu sukan je wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga a fuska. Addu'a da neman magani a asibiti ba sa cin karo da juna, kuma malamai sun sha faɗin haka. Matsalar tana zuwa ne idan aka shafe shekaru ana zagaye, ana zargin kishiya ko maƙwabci, alhali ƙwayar maganin da za ta iya kwantar da ciwon tana kantin magani a cikin gari.

A tsawon wannan zagaye majiyyaci yana ramewa saboda tsoron tauna, yana ƙaurace wa mutane saboda tsoron magana. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa da sana'arsa ke bakinsa yana iya rasa abin yi. Ɓacin rai mai tsanani yakan biyo baya, har wasu su fara tunanin rabuwa da rayuwa. Iyalan da suka ji irin wannan furuci daga bakin majiyyaci su gaggauta kai shi ga likita.

Yadda ake gano shi

Babu gwajin jini da ke nuna wannan ciwo. Likita yana gano shi ne daga labarin majiyyaci da duba fuska da baki. Tambayoyin ba su da yawa. Ɓari ɗaya ne ko duka biyu? Kamar jan lantarki yake zuwa ko kuwa zogi ne mai ɗorewa? Daƙiƙoƙi yake ɗauka ko sa'o'i? Taɓa fuska ko iska na tayar da shi? Tsakanin tasowa da tasowa ana samun sarari?

Ciwon haƙori na gaskiya yakan daɗe yana zogi, yakan tsananta da ruwan sanyi ko shayi mai zafi ko zaƙi, yakan hana barci, kuma galibi akan ga rami ko kumburin dasashi. Ciwon jijiya kuwa bai cika tayar da mutum daga barci ba, kuma sau da yawa haƙoran lafiyarsu ƙalau. Akwai wasu cututtukan da dole a bambance su da shi: ciwon ɓarin kai, kumburin kogon hanci, ciwon gaɓar muƙamuƙi, da zogin da ke biyo bayan ƙurajen da ƙwayar cutar ƙarambau ke fesowa a ɓari ɗaya na fuska. Karkacewar baki kuma daban take, domin jijiya ta bakwai ce mai motsa tsokar fuska ke samun matsala a can.

Akwai alamomin da ke nuna cewa wata cuta ce ke ƙarƙashi, kuma bai kamata a yi jinkiri ba: idan majiyyaci bai kai shekara 40 ba, idan ciwon ya kama ɓangarori biyu, idan wani sashe na fuska ya mutu ba ya jin taɓi, idan ji ya ragu a kunne ɗaya, ko ana ganin abu biyu-biyu, ko ana tangaɗi wajen tafiya. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin jijiya ta Turai ta fitar a 2019 sun ba da shawarar a yi wa kowane majiyyaci hoton MRI na kai. A Najeriya wannan hoto a manyan asibitoci da cibiyoyi masu zaman kansu kaɗai ake samunsa, kuma a wurare da dama kuɗinsa kan kai ko ya haura mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024. Saboda haka likitoci kan fara magani da zarar labarin ya fito sarai, su matsa wa masu waɗancan alamomi su yi hoton ko ta halin ƙaƙa.

Magani da sharuɗɗansa

A 1962 wani likita a Suwidin mai suna Blom ya ba da rahoton cewa carbamazepine yana kwantar da wannan ciwo. Har yau shi ne magani na farko, tare da ɗan'uwansa oxcarbazepine. Mafi yawan majiyyata, kimanin 7 zuwa 9 cikin 10, sukan samu sauƙi da farko, wasu cikin 'yan kwanaki. Maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma an san shi a kantunan magani na Najeriya, ciki har da samfurin Tegretol. Idan bai wadatar ba, likita na iya ƙarawa ko musanyawa da irin su lamotrigine, baclofen, gabapentin ko pregabalin.

Sai dai akwai wani cikas da ya shafi al'ada. Carbamazepine maganin farfaɗiya ne, kuma farfaɗiya cuta ce da har yanzu ake ƙyama. Majiyyacin da ya karanta takardar cikin kwali, ko wani ya raɗa masa abin da maganin ke yi, yana iya jefar da shi domin kada a ce yana da farfaɗiya, musamman mace mai 'ya'yan da ake shirin aurarwa. Bayanin minti biyu daga likita ko mai harhaɗa magunguna zai iya kawar da wannan: cututtukan biyu daban suke, abin da ya haɗa su kawai shi ne maganin yana rage tartsatsin jijiya.

Maganin kuma ba na sha-ka-tafi ba ne. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali, kuma kullum ake shan sa, ba sai ciwo ya taso ba. Yana iya jawo jiri, barci da tangaɗi, abin da ke da haɗari ga direbobi da dattawa. Yana iya rage gishirin jini, ya taɓa hanta ko ƙwayoyin jini, don haka ana buƙatar gwaji lokaci zuwa lokaci. A wasu mutane ƙalilan yana haddasa mummunan saɓulewar fata da ke iya kisa, shi ya sa duk wanda ya ga ƙuraje, ko gyambo a baki, ko zazzaɓi a makonnin farko, dole ya koma asibiti a ranar. Yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Waɗannan dalilai sun isa su nuna cewa bai halatta mai kyamis ya riƙa bayar da shi da ka ba.

Idan ƙwaya ta gaza

A wasu majiyyata ƙarfin maganin yana raguwa da tafiyar shekaru, ko illolinsa su fi ƙarfinsu. A nan ake maganar tiyata. Wadda ta fi ɗorewa ita ce wadda Peter Jannetta na Amurka ya yaɗa daga ƙarshen shekarun 1960. Ana buɗe ƙaramar ƙofa a ƙashin bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin daga kan jijiyar fuskar, a sanya ɗan matashi a tsakaninsu. Wani bincike da aka wallafa a 1996 a kan majiyyata 1,185 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 ba su da ciwo kuma ba sa shan magani shekara 10 bayan aikin. Amma aiki ne a kusa da tushen ƙwaƙwalwa. Yana iya jawo raguwar ji, ko yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, kuma ƙasa da mutum 1 cikin 100 na iya rasa rai.

Ga tsofaffi ko waɗanda jikinsu ba zai ɗauki babbar tiyata ba, akwai hanyoyin da ake shigar da allura ta kunci zuwa kullin jijiyar a raunana ta da zafi, ko da sinadarin gilisarin, ko da ɗan balan-balan. Akwai kuma haske mai ƙarfi da ake aunawa daidai kan jijiyar ba tare da yanka ba, da na'urar Gamma Knife, wadda ke da tsada ƙwarai kuma ƙasashe kaɗan ne ke da ita a Afirka. Waɗannan hanyoyi sukan bar mutuwar wani sashe na fuska, kuma ciwon na iya dawowa.

Ƙarancin ƙwararru da tsadar magani

Najeriya ta fara tiyatar ƙwaƙwalwa ta zamani tun 1962, lokacin da Latunde Odeku ya kafa sashen a Asibitin Koyarwa na Ibadan. A Arewa, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta horar da likitoci da dama. Duk da haka ƙwararrun sun yi kaɗan ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma sun fi taruwa a manyan birane. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun nuna cewa ƙasashe matalauta na da ma'aikacin lafiyar jijiya 0.1 ga kowane mutum 100,000, yayin da ƙasashe masu arziki ke da 7.1. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata.

Adamawa tana da abin farawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira FMC Yola, yana cikin garin Yola, tafiyar mintoci daga Mbamoi, kuma ya yi suna wajen raba tagwayen da aka haifa a manne a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Auwal Abubakar. Akwai kuma Asibitin Ƙwararru na jiha a Jimeta. Amma jihar na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 226, kuma mutumin Madagali ko Toungo sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Yola. Shi kansa mazaunin Mbamoi kusancin asibitin ba zai amfane shi ba idan babu wanda ya ce masa can ya kamata ya nufa.

Sai batun kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa. Tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023 da ficewar kamfanin GSK daga harkar kai-tsaye a ƙasar a shekarar, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Ga maganin da ake sha kullum na tsawon watanni ko shekaru, tsada na nufin a riƙa tsallake rana, ko a koma ga samfurin da ba a tabbatar da ingancinsa ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, kuma Adamawa na da hukumarta ta ASCHMA, amma mafi yawan 'yan kasuwa, manoma da matan gida a faɗin ƙasar har yanzu ba su shiga tsarin ba.

Abin da za a iya yi yanzu

A watan Mayun 2022 ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya, ciki har da Najeriya, suka amince da shirin shekara 10 kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya, wanda zai ƙare a 2031. Ginshiƙinsa shi ne a saukar da kulawar zuwa matakin farko. Wannan ciwo misali ne mai kyau na abin da hakan ke nufi a aikace.

Na farko, Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumar kula da lafiya a matakin farko za su iya sanya waɗancan tambayoyi biyar a cikin horon da ake yi wa ma'aikatan asibitocin mazaɓu, da ɗaliban kwalejin jinya ta Yola da kwalejin fasahar lafiya. Takarda guda a bango ta isa ta tuna wa ma'aikaci cewa zogin fuska mai kama da lantarki na buƙatar a tura shi gaba.

Na biyu, masu kyamis suna da ƙungiyarsu ta NAPPMED, kuma suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Masu Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa. Tunda su ne ƙofar farko, saƙon da ya kamata ya isa gare su gajere ne: wanda ya dawo sau biyu da ciwon haƙorin da magani bai taɓa ba, a tura shi asibiti, kada a ba shi tramadol.

Na uku, a ɗakunan haƙori na gwamnati da masu zaman kansu, ya zama ƙa'ida cewa ba a cire haƙorin da dubawa da hoto ba su nuna yana da matsala ba, ko da majiyyaci ya nace. Hukumomi kuma su sa ido a kan masu cire haƙori a kasuwanni.

Na huɗu, ASCHMA da asibitocin jiha su tabbatar carbamazepine mai inganci ba ya yankewa a kantunansu, tare da gwajin jinin da ke tafiya da shi. Wannan zai amfani masu farfaɗiya, waɗanda suka ninka masu ciwon jijiyar fuska yawa nesa ba kusa ba. Asibitin koyarwa kuma zai iya buɗe rajistar masu ciwon, domin a san adadinsu da inda suke fitowa, kuma a tsara hanyar tura masu buƙatar tiyata.

Na biyar, gidajen rediyo irin su ABC Yola, Gotel da Fombina FM suna da shirye-shiryen lafiya da Hausa da Fulatanci. Shiri ɗaya kafin hunturu ya kankama zai iya isa ga dattijuwar da ta daina cin tuwo ba tare da 'ya'yanta sun san dalili ba. Limamai da fastoci ma suna da rawar takawa, musamman wajen bayyana wa majiyyata sauƙin da addini ya tanada ga wanda wanke fuska ke jefa shi cikin azaba.

Ga iyalai kuwa, kafin a kai ga likita akwai ƙananan dabaru da ke rage tasowar ciwon: ruwan ɗumi wajen wanke fuska da alwala, rufe fuska da gyale ko rawani idan za a fita cikin iska, abinci mai laushi kamar kunu da fate, da tauna ta ɓarin da ba ya ciwo. Yana da kyau a rubuta lokutan da ciwon ke tasowa, tsawon da yake ɗauka da abin da ya tayar da shi, a tafi da takardar asibiti tare da duk magungunan da ake sha. Idan kuma aka ce za a cire haƙori, majiyyaci na da haƙƙin ya nemi a nuna masa matsalar da aka gani a jikin haƙorin kafin ya amince.